Habibu da Jirgin da Ya Faɗo a Zandam

A wannan bazarar ƙanena Habibu ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Ya rasu ne a wata gona da ke gabas da Zandam, cikin ƙasar Gwaram, shi da ɗalibin da yake koya wa tuƙi, wani saurayi mai suna Yusufu, lokacin da ƙaramin jirginsu mai saukar ungulu ya rikito daga sama ana dab da azahar. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa alƙalami a kan maganar don jama'a su karanta ba, ko da yake rubutu ne sana'ata. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin magatakardar kotu a Birnin Kudu da Gwaram kafin na yi ritaya.

Abin da ya taso da ni shi ne wata muhawara da na saurara a rediyo kwanakin baya. An gayyato mutum biyu su yi magana a kan waɗannan ƙananan jirage masu kujera biyu da ake koyon tuƙi da su. Na farkon tsohon matuƙi ne. Ya ce jiragen ba su da wani aibu, ana yawan jin faɗuwarsu ne saboda su suka fi yawa a hannun 'yan koyo, kuma in an bincika sai a tarar hannun matuƙi ne ya jawo. Na biyun injiniya ne, ya ce abin da za a danƙa wa ɗan koyo bai kamata ya zama abin da ke hallaka mutum a kan kuskure ɗaya ba. Suka yi ta ja har lokacin shirin ya ƙare. Kowannensu da rahotannin bincike yake kafa hujja, amma babu wanda ya tambayi su wa ke rubuta rahotannin nan, kuma ta bakin wa ake ji kafin a rubuta. Ni ba ni da alƙaluma, ban kuma san komai game da jirgi ba sai abin da na tsinta. Rahoto guda ɗaya na sani, amma na san shi ciki da waje.

Habibu ne autanmu, na girme shi da shekara goma sha biyu. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka dawo da mu ma'aikata gida daga Kano, yana sakandare. A cikin shekarun farko na sabuwar jiha baƙi sun yi ta zuwa, wata rana wani babban baƙo ya sauka a filin ƙwallo na Birnin Kudu cikin jirgi mai saukar ungulu. Duk gari aka bi baƙon, Habibu ya tsaya wurin matuƙin har sai da aka kore shi. Tun daga ranar ba a sake jin wata magana a bakinsa ba. Ya yi karatu a Kano, ya sha wahalar da ba zan tsaya lissafawa ba, daga ƙarshe ya zama matuƙi, wata makarantar koyon tuƙin jirgi mai zaman kanta ta ɗauke shi malami. Ba zan ambaci sunanta ba. An ma daɗe da rufe ta.

In ya zo gida hutu, a tashar mota yake yini wurin abokansa direbobi da masu motocin haya na hanyar Kano, kullum kuma maganar ɗaya ce. Su ce jirginsa akwatin ashana ne aka ɗaura wa fanka, shi kuma ya ce a cikin mako guda hanyar Kano tana cin mutanen da jirgi irin nasa bai ci ba tun da ya fara tuƙi. Ya kan ce jirgin kamar doki ne mai saurin fushi, wanda ya iya da shi ya iya da kowane jirgi, shi ya sa ma da shi ake koyarwa. Ban taɓa jin ya kushe shi a gaban mutane ba, ko sau ɗaya.

Kimanin mako uku kafin rasuwarsa ya zo gaishe da Inna, mahaifiyarmu. Muna dawowa daga masallacin Juma'a mu biyu a ƙafa, sai ya rage murya.

Ya ce, "Yaya, irin jirgin ba shi da laifi, har gobe haka zan ce. Amma a cikin guda huɗun da muke da su akwai ɗaya da ba na son yadda yake rawa a hannuna. Sau biyu ina rubuta musu."

Na tambaye shi me suka ce. Ya ce makanikansu sun duba, sun ce ba su ga komai ba. Na ce to ya daina hawansa mana. Ya ce in ya ƙi hawa ba ajiye jirgin za a yi ba, wani ƙaramin malami da bai wuce wata shida da fara aiki ba za a ba. Gara yana hannunsa. Ni kuwa sai na mayar da abin raha, na ce ashe direbobin tasha sun yi gaskiya. Ya yi dariya, muka shiga gida. Wannan rahar ita ce maganarmu ta ƙarshe a kan jirgi, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunyar kaina.

Ranar da abin ya faru ina kotu a Gwaram, muna tsakiyar wata shari'ar iyakar gona, masinja ya leƙo ya ce jirgi ya faɗi wajen Zandam. Na san hanyar da su Habibu suke bi ke nan in za su gabas da ɗalibai. Na nemi izinin alƙali, na hau bayan wani ɗan acaɓa. Da na isa na tarar mutanen gari sun riga sun fito da su, sun rufe su da zannuwa a inuwar wata ɗorawa. Ba zan bayyana abin da na gani a ƙarƙashin zanen ba. Amma idon magatakarda ba ya barin mutum ko a irin wannan hali. Na lura gangar jikin jirgin tana nan tsakiyar gona, wutsiyarsa kuwa tana can nesa a wata gona dabam, nisan da in ka yi kira da ƙyar a ji ka.

Mai gonar, Malam Hudu, dattijo ne a lokacin mai kimanin shekara sittin. Yana sharar gona ne yana shirin damina, kuma a kan idonsa aka yi komai. Ya ja ni gefe ya ba ni labari ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce jirgin yana tafiya sumul, sai ƙararsa ta canja, ta koma kamar injin niƙa da tsakuwa ta shiga. Bayan haka ne ya fara tangaɗi, sannan farfelar sama ta sari wutsiyar ta cire ta. Ya nuna mini tarin karan da ya cinna wa wuta, har lokacin yana hayaƙi, ya ce in duba da kaina: tun safe hayaƙin miƙe yake tafiya sama, ko ganye ba ya motsi.

Washegari, muna can Birnin Kudu wurin jana'iza da zaman makoki, mutanen makarantar suka zo da babbar mota suka kwashe tarkacen kaf. Mutanen Zandam suka taya su lodi, don sun ɗauka hukuma ce. Masu bincike na ainihi sai bayan kwana huɗu suka iso, suka tarar da rami da zubabben mai. Na je ranar. Sun yi magana da dagaci, sun yi magana da 'yan sanda, sun auna ƙasa da awo. Malam Hudu ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a ya zauna yana jira a kira shi. Da na ga za su tafi na nuna musu shi, suka ce ba su zo da tafinta ba. Na ce ni zan fassara, suka ce ni ɗan'uwan mamaci ne, bai dace ba. Wannan gaskiya ne, ko a kotu ba za a bar ni ba. Amma wani malamin firamare da zai iya fassarawa yana tsaye a wurin, ba su neme shi ba. Suka ce wa Malam Hudu an gode, suka shiga mota.

A cikin makon nan ne manajan makarantar ya zo ta'aziyya. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Inna, ya zubar da hawaye, kuma ban ce hawayen ƙarya ba ne. Kafin ya tashi ya roƙi Maryam, matar Habibu, ta ba shi littafin da marigayin ke rubuta duk tashi da saukar da ya yi, ya ce masu bincike ne ke buƙata, za a dawo da shi. Ta ɗauko ta ba shi. Ni kuma ya miƙo mini takarda shafi uku, ya ce ta karɓar kayan mamaci ce. Gida cike da mutane, kaina yana sarawa, na sa hannu ban karanta ba. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutanen ƙauye kada su dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta musu ba. Sai daga baya na ga a shafi na uku an rubuta cewa iyali ba su da wani ƙorafi a kan makarantar. Littafin kuwa bai dawo ba har yau.

Na so in tayar da magana, Inna ta hana. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, kada in ja mata sunan ɗa a kotuna, a bar wa Allah. Na bi umarninta har ta koma ga Mahaliccinta, bayanta kuma sai na tarar na saba da shirun.

Rahoton ya fito bayan kusan shekara biyu, wani abokin aikin Habibu ya kawo mini kwafi a ɓoye. An rubuta cewa jirgin ya shiga iska mai ƙarfi da ke tasowa daga kan duwatsu da zafin rana, matuƙin ya tura sandar tuƙi gaba da gaggawa fiye da ƙima, farfela ta karkace ta sari wutsiya. Kuskuren matuƙi. A kan injin jirgin layi biyu kawai aka yi, cewa takardun makarantar sun nuna lafiyarsa ƙalau. Ba a ambaci wasiƙun Habibu ba. Na rubuta na tambaya, aka amsa mini cikin ladabi cewa babu wasiƙa irin wannan a fayil. Sunan Malam Hudu bai fito ko'ina ba.

Ya kamata in yi adalci, don aikin da na yi ya koya mini cewa mai zargi ma yana iya yin kuskure. Na taɓa neman wani tsohon matuƙi a Kano, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya ce abin da rahoton ya bayyana yana faruwa da gaske a irin jiragen nan masu farfela biyu, kuma ba 'yan koyo kaɗai yake ci ba, har da gwanaye, don motsin hannu ne na ƙiftawar ido. Ya ce iskar sama dabam take da ta ƙasa, hayaƙin Malam Hudu zai iya miƙewa alhali can sama ana tafka guguwa. Ya ce kuma mai kallo daga ƙasa ya kan ga abu kafin ƙararsa ta iso kunnensa, sai ya rikita wanne ya riga wanne. Na karɓi duk wannan. Mai yiwuwa ne Habibu ya yi kuskure, ko Yusufu ya yi, shi kuma bai samu damar gyarawa ba. Ɗan Adam ne. Amma da na tambayi tsohon matuƙin ko ya halatta mai jirgi ya kwashe tarkace kafin masu bincike su zo, sai ya kawar da kai ya ce shayinmu ya huce.

To a nan nake tsaye. Ban ce an kashe ƙanena ba, ban kuma ce na san abin da ya karye a jirgin nan ba. Abin da na sani shi ne, duk abin da zai iya wanke shi ya ɓace a cikin mako guda, duk abin da ya saura kuma daga hannun makarantar ya fito. In aka tara rahotanni irin wannan aka ƙirga, dole a ce yawancin haɗurra laifin matuƙa ne, tunda matuƙin ba ya nan balle ya ce a'a. Sau nawa na ga haka a kotu, wanda bai halarci zama ba shi ake ɗora wa kaya.

Na kan tambayi kaina da Habibu yana raye wane ɓangare zai bi a muhawarar rediyon nan. Na san halinsa, bayan tsohon matuƙin zai bi, ya ce jirgi lafiya lau, a dai koyar da yara da kyau. Zai ji daɗin yadda yanzu kowane manomi ke da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, don da a yau ne abin ya faru, kafin babbar motar nan ta iso Zandam hoton wutsiyar jirgin ya zaga duniya. Ina jin kuma zai yi fushi da ni a kan wannan rubutu, ya ce ina tsorata yara masu son sana'ar. Sai mun keɓe mu biyu ne zai rage murya ya tambaya ko yanzu in malami ya rubuta ƙorafi a kan jirgi ana ajiye kwafinsa a wani wuri da mai makaranta ba zai iya kaiwa ba. Ban san amsar ba. Masu muhawarar ba su taɓo wurin ba.

Da abin ya tsaya a tuna baya ne kawai, da wataƙila na ci gaba da shiruna. Amma Habibu ya bar 'ya guda, Hauwa, tana da shekara takwas lokacin. A gidana ta girma, ta gama jami'a bara a fannin injiniya. Watanni biyu da suka wuce ta kawo mini takarda: wata makaranta ta ɗauke ta koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, kuma da irin jirgin da ya kashe mahaifinta za a fara koya mata. Ana buƙatar sa hannun waliyyi. Maryam ta ce mata ta zo wurina, don ta tabbata ni zan hana.

Ban ce mata e ko a'a ba. Na ce ta shirya mu je Zandam. Ba ta taɓa zuwa ba.

Mun tarar da Malam Hudu ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke noma gonar. Da aka gaya masa ko wace ce, ya daɗe yana sa mata albarka, sannan ya sa aka riƙe masa hannu ya kai mu wurin. Ɗorawar tana nan. Ya maimaita labarin kamar yadda ya ba ni shi, bai ƙara ba bai rage ba. Na zaci Hauwa za ta yi kuka, sai na ga ta zaro littafi da biro daga jaka, ta tsuguna a gabansa.

Ta ce, "Baba, tsakanin canjawar ƙarar da fara tangaɗin, an ɗauki lokaci kamar yaya?"

Ya yi tunani, ya ce, "Da na ji ƙarar na ajiye manjagara, na ɗaga kai na neme shi a sama, na karanta Fatiha har ƙarshe. Duk yana tafiya daidai. Sai da na shafa sannan ya fara tangaɗi."

Ta ci gaba da tambayarsa ta ina jirgin ya ɓullo, ina ya dosa, ko ya ga wani abu ya faɗo kafin wutsiyar. Ta cika shafi biyu, ta karanta masa daga farko har ƙarshe, ya gyara mata wuri ɗaya, sannan ya dangwala yatsa, babban ɗansa ya sa hannu a matsayin shaida. Ina tsaye ina kallo, sai a lokacin na gane cewa a shekara goma sha huɗu wannan ne karo na farko da wani ya rubuta maganar mutumin nan. Na yi ta zargin masu bincike da ƙin ɗaukar bayaninsa, alhali ni ma magatakarda ne, da biro a aljihuna ranar, ban ɗauka ba.

A hanyar dawowa, mun wuce Gwaram ke nan, na tambaye ta me ta fahimta. Ta ce wannan tazarar ta Fatiha ba ta dace da abin da rahoton ya ce ba, amma ita kaɗai ba ta isa hujja ba, kuma ba za ta ce ta san abin da ba ta sani ba. Na ce to duk da haka tana son zuwa?

Ta ce, "Ina so, Baffa. In na shiga ciki zan san irin tambayar da ake yi. Kuma duk ƙorafin da na rubuta wa makarantar, sai na aiko maka da kwafi."

Na yi kwana uku da takardar, sannan na sa hannu. Ban yi haka don hankalina ya kwanta da jirgin ba, bai kwanta ba. Na dai ga cewa in na hana ta, tsorona ne zai yanke mata hukunci, ita kuwa ta fi ni sanin abin da take tunkara. Maryam ba ta amsa gaisuwata ba tun ranar, kuma ban ga laifinta ba. In wani abu ya sami yarinyar nan, da hannuna na buɗe ƙofar, kuma da wannan zan zauna.

A ofisoshi, abin da ya rage na Habibu shi ne fayil mai cewa ya yi kuskure, kuma ba na tsammanin za a sake buɗe shi. A wajenmu kuwa akwai ƙaramin malamin nan da Habibu ya ƙi bari a ba shi jirgin, wanda yanzu babban matuƙi ne mai 'ya'ya huɗu, bai kuma san abin da aka yi dominsa ba, don ban taɓa gaya masa ba. Akwai direbobin tasha da suka daina zolayar akwatin ashana tun ranar jana'iza. Akwai Hauwa, da taurin kan mahaifinta da rashin son faɗin abin da ba ta tabbatar ba.

Allah ya jiƙan Habibu, ya jiƙan Yusufu, ya sa kwanciya hutu ce. Iyayen Yusufu sau ɗaya na taɓa ganinsu, ranar da suka zo ɗaukar gawarsa, kuma ina jin maganar rahoton nan kaɗai ke hannunsu har yau. In wannan rubutu ya kai gare su, ko ga wanda ya san su, su zo Birnin Kudu su tambayi gidan tsohon magatakarda. Akwai takarda shafi biyu da ya kamata su karanta.